Harsashin Takarda: Yadda Ake Naɗa Shi da Harba Shi a Bindigar Enfield ta 1853

Duk wanda ya ɗauki bindigar Enfield samfurin 1853, ko ta asali ce da ta tsira tun ƙarni na 19, ko irin wadda kamfanin Parker-Hale na Ingila da Pedersoli na Italiya suka sake ƙerawa don masu sha'awar tarihi, ƙarfe da katako zai fara gani: dogon bututu mai inci 39, da guduma, da kunama, da sandar ɗuri kwance a ƙarƙashin bututun. Sai dai rabin wannan bindiga ba a jikinta yake ba. Yana cikin jakar fatar da soja yake ratayawa a kwiɓinsa, kuma da takarda aka yi shi. Harsashin takarda ƙunshi ne da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, albarushi a gefe ɗaya, ƙwayar dalma a ɗaya gefen, an tsoma gindinsa cikin kakin zuma. Ga ido abin raini ne, amma waɗanda suka tsara bindigar tare da shi suka tsara ta: faɗin bututu da faɗin dalma da kaurin takarda duk lissafi ɗaya ne. Saboda haka wanda yake son ya san yadda bindigar ɗuri ta tarihi take aiki, tilas ya koyi naɗa harsashinta bisa awon asali. A cikin awon nan saitin bindigar yake, a cikinsa saurin ɗurinta yake, kuma a kansa lafiyar mai harbi ta rataya.

Kafin a zo ga naɗi, ya kamata a san ciwon da aka nema wa magani. Tsohuwar bindigar sojan Ingila, wadda ake kira Brown Bess, cikin bututunta sumul yake, kuma dalmar da ake jefa mata ta fi bututun ƙanƙanta sosai. Ɗurinta ba wuya, ƙwararren soja yakan yi harbi uku a minti ɗaya, amma da an wuce yadi 100 samun abin da aka auna sai sa'a. Bindiga mai murɗaɗɗiyar tsaga a ciki, kamar Baker da sojan Ingila suka karɓa a 1800, takan sa dalma ta tafi tana juyi kamar mazari, har ta isa inda aka nufa. Aibinta wahalar ɗuri, domin dalmar sai ta matse cikin tsagar tun daga baki, a yi ta tura ta da ƙarfi har ƙasa. Ga kuma dattin albarushi. Fiye da rabin abin da baƙin albarushi yake bari idan ya ƙone daskararre ne, kuma wani kaso nasa yakan manne a bangon bututu kamar yadda ƙanzo yake kama gindin tukunya; kowane harbi sai ya ƙara tsuke hanyar na gaba. Kyaftin Claude-Étienne Minié na sojan Faransa, wanda ya ɗora a kan aikin Henri-Gustave Delvigne, ya kawo mafita a 1849: doguwar dalma mai rami a gindi, wadda take shiga bututu sakwa-sakwa, amma da albarushi ya tashi sai gindinta ya buɗe ya kama tsagar. Da haka aka sulhunta sauri da saiti. Ƙanzo ne ya rage, kuma a kansa hanyoyi biyu suka rabu.

Amurkawa sun bi dabarar James Burton na ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry, wanda ya yi dalma mai zobba uku a jiki ana cika su da kitse da kaki. A bindigarsu ta Springfield samfurin 1861 takarda sutura ce kawai: soja ya yage ta, ya zuba albarushi, ya matso dalmar tsirara ya sa a baki, ya yar da takardar. Ingilawa kuwa sun ɗauki dalmar Pritchett, wadda jikinta sumul yake ba zobe, suka bar ta cikin rigarta ta takarda mai maiƙo, ta shiga bututu da ita ta fita da ita. Wajen sauka, takardar tana share ƙanzon harbin baya. Wajen fita, tana shafe bangon bututu da kakin da zai sa ƙanzo na gaba ya yi laushi. Kuma dalma ba ta gogar ƙarfe balle ta bar ɓurɓushinta a tsagar. Wani zai ce tsarin Amurka ya fi sauƙin naɗawa, kuma gaskiya ne, sabon shiga ma yana iya farawa da shi. Amma tarihin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya nuna iyakarsa. Dalmar Burton kusan daidai take da faɗin bututu, don haka bayan harbi kaɗan sai ɗuri ya fara gagara, har hukumar sojan ɓangaren Arewa a yaƙin ta riƙa cusa wata dalma ta musamman mai faifan ƙarfen zinki, ƙirar Williams, cikin ƙunshin harsasai don ta kankare bututu. Harsashin Ingila shi yake share hanyarsa da kansa a kowane ɗuri, shi ya sa ya cancanci wahalar koyo.

Awo shi ne matakin farko, kuma Ingilawan kansu sai da suka ji jiki kafin su daidaita shi. Faɗin bututun Enfield inci 0.577 ne, kimanin milimita 14.66. Dalmar farko inci 0.568 aka yi ta, wato milimita 14.43, ratar da ke tsakaninsu ba ta kai rubu'in milimita ba. Takardar waje takan zagaye dalma sau biyu, ma'ana kaurinta sau huɗu yake shiga lissafin faɗi. Ko da takarda mai kaurin milimita 0.05 aka yi amfani, ratar ta kusa ƙarewa tun ba a sa kaki ba. A sanyin Ingila wannan ya yi aiki, amma a zafin Indiya a 1857 da 1858 sojoji sun yi ta fama da harsasan da suka ƙi sauka cikin bututu mai datti. Kyaftin Edward Boxer, shugaban ma'aikatar harsasai ta Woolwich, shi ya sa aka rage dalmar zuwa inci 0.550, kimanin milimita 13.97. Ratar ta koma kusan milimita 0.7. Idan yau mutum ya yi amfani da takarda mai kaurin milimita 0.1, irin ta buga wasiƙa a ofis, za ta ci 0.4, saura 0.3 na kaki da sarari. Dalma mai wannan ƙanƙanta ba za ta buɗe da kanta ta cika bututu ba, don haka ake cusa mata toshi a ramin gindi. Tun 1855 Ingilawa suka koma yin toshin da katako mai tauri, daga baya da gasasshiyar laka. Tashin albarushi yakan tura shi ciki ya baje gindin dalmar nan take. Darasin a fili yake: a auna bututun bindigar da ke hannu da ma'aunin ƙarfe, domin ƙirar zamani takan ɗan saɓa da juna, sannan a zaɓi dalma da takarda bisa abin da awon ya nuna.

Kayan aikin ba su da yawa: mazubin dalma, da tukunyar narkarwa, da ma'aunin kauri, da ƙaramin sikeli, da sandar naɗi, da wuƙa mai kaifi, da zaren auduga, da kakin zuma, da zoben gwaji wanda raminsa ya ɗan gaza faɗin bututu. A Woolwich inji ne yake matse dalma ya fitar da siffarta, amma mai aiki a gida zuba ta yake yi, kuma nauyin kowace ƙwaya ya kusa giram 34. Dalmar sai ta zama tsantsa, mai laushin da farce zai iya karta ta, domin wadda aka gauraya da wani ƙarfe takan yi tauri ta ƙi buɗewa cikin bututu. Tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Selsiyas, kuma ɗigon ruwa ɗaya da ya nutse cikin narkakkiyar dalma ya isa ya watsa ta a fuskar mutum. A narka ta a fili inda iska take kaɗawa, da tabarau da safar hannu, nesa da madafi da yara, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinari na Zamfara a 2010 ba ya buƙatar a nanata masa wannan. Bayan zubi a ɗora kowace ƙwaya a sikeli. Wadda ta gaza sauran nauyi akwai kumfar iska a cikinta, a mayar da ita tukunya, domin a sama ma karkace za ta tafi.

Takardu uku ake yankawa, kuma gara a yi musu samfuri ɗaya na kwali ko ƙarfe da za a riƙa bi, don kowane harsashi ya fito daidai da ɗan'uwansa. Ta farko mai ɗan tauri ce, ita ce kwanson albarushi. Ta biyu siririya ce, tana rufe ta farko. Ta uku ita ce rigar waje, ana yanka gefenta ɗaya a karkace domin ƙarshenta ya kwanta a jiki kamar naɗin rawani. Sandar naɗi ta katako ce ko tagulla, an rarake bakinta ɗaya daidai siffar kan dalma, kuma kaurinta shi ne wanda idan an naɗa mata takardu biyun farko za su zo daidai da faɗin dalmar. A naɗa mai taurin a kan sandar, bakinta daidai da bakin ramin. A ɗora siririyar a kanta, a bar rara kamar faɗin yatsa ta zarce bakin, a lanƙwasa rarar cikin ramin, a danna ta da kan dalma har ta zama ƙoƙo. Wannan ƙoƙon shi ne katangar da take raba albarushi da dalma, kuma idan ya yage, albarushi zai zurara gefen dalmar ya hana ta shiga bututu. Sai a zaunar da kan dalma cikin ƙoƙon, wato tsininta yana kallon albarushi, gindinta yana waje. A naɗa rigar waje a kan su biyun da matsi, a bar rara a bayan gindin dalmar, a shaƙe rarar da igiya mai ƙarfi, a ɗaure da zare, a datse abin da ya yi saura, sannan a zare sandar. Tun 1859 Ingilawa suka riƙa yi wa rigar tsaga uku a tsaye, daidai inda take rufe dalma, domin ta rabu da ita da zarar ta fita daga baki. Saboda wannan dalilin ne ba a sa gam a wannan ɓangaren: takardar da ta manne wa dalma a sama ita take karkatar da ita.

Daga nan sai shafi, kuma tun ba a zuba albarushi ba ake yin sa, domin narkakken kaki da albarushi ba sa haɗa tebur. A sa kakin a gwangwani, a ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, a tsoma gindin harsashi har zuwa kafaɗar dalma inda take fara tsini, a ɗaga, a bari ya daskare, sannan a zura shi cikin zoben gwaji. Wanda ya ƙi wucewa a ajiye shi gefe, domin abin da ya ƙi zobe a gida zai ƙi bututu a fili. Wannan ɗan maiƙon ya taɓa girgiza daula. Shafin farko kitse ne mafi yawa da ɗan kakin zuma, kuma soja da haƙori yake yage harsashi. A watan Janairun 1857 magana ta bazu daga barikin Dum Dum kusa da Kalkata cewa kitsen na saniya ne da na alade, abin da ya taɓa addinin sojojin Hindu da na Musulmi gaba ɗaya, hafsoshin Kamfanin Gabashin Indiya, mai mulkin ƙasar a lokacin, kuma suka kasa ba da tabbacin irin kitsen da 'yan kwangila suka kawo. An ba da izinin yagewa da hannu, amma yarda ta riga ta zube. A Meerut mahaya 85 suka ƙi karɓar harsasai, aka sa musu mari a gaban 'yan'uwansu ranar 9 ga Mayu, washegari tawaye ya tashi, kuma a 1858 mulkin Kamfanin ya ƙare. Tawayen yana da dalilai masu zurfi na ƙasa da haraji da raini, harsashin ashana ce kawai da ta faɗa cikin busasshiyar ciyawa. Ta fuskar sana'a kuma kitse yana da wani aibin: yana narkewa a zafi, yana cin dalma har ta kumbura da farin tsatsa. Shi ya sa Ingilawa suka koma kakin zuma zalla, kuma shi ya fi dacewa da duk wanda yake ƙasa mai zafi ko yake kiyaye abin da zai kai bakinsa.

Zuba albarushi shi ne mataki mafi gajarta, kuma shi ne wanda ba ya yafe kuskure. Baƙin albarushi na kamfani mai lasisi kaɗai ake sa wa waɗannan bindigogi, mai matsakaicin tsaki irin na bindigar soja. Garin harsashin zamani mara hayaƙi ƙarfinsa ya ninka abin da bututun zai ɗauka, ko kaɗan ne zai iya fasa shi. Haɗin gida kuma ba wanda ya san ƙarfinsa, don haka awo ba shi da ma'ana a kansa. Awon sojan Ingila giram 4.4 ne, na Springfield giram 3.9. Mai koyo ya fara da ƙasa da haka, kuma kada ya taɓa wuce abin da kamfanin da ya ƙera bindigarsa ya rubuta. Bindigar asali kuwa, wadda ta haura shekara 150, sai ƙwararren maƙerin bindiga ya duba ta kafin ta ga albarushi. A yi awo da ludayin tagulla, a riƙa tabbatar da shi a sikeli, a zuba ta mazurarin tagulla ko na takarda, a murɗe bakin harsashi, a rufe gwangwani bayan kowane ɗiba. Ƙarfe mai ƙyasta wuta da sigari da gawayi su yi nisa da wurin, kuma duk ƙwayar da ta zube a share ta da jiƙaƙƙen tsumma. Ranar 17 ga Satumban 1862 ma'aikatar harsasai ta Allegheny kusa da Pittsburgh ta tashi da mutum 78, galibinsu 'yan mata masu naɗa irin wannan harsashin, kuma binciken farko ya ɗora laifin a kan albarushin da aka bari yana taruwa a zube a hanya. A 1864 wasu mata 21 suka rasu a irin wannan gobara a ma'aikatar Washington. Harsasan da aka gama a ƙunshe su goma-goma kamar yadda soja yake yi, a sa a akwatin katako mai makulli inda ba danshi, hulunan tagulla masu kunna wa albarushi wuta kuma a wani wuri dabam.

A filin harbi tsari ɗaya ake bi kullum, ba a tsallake mataki. Da tabarau da toshin kunne, a fara tabbatar da bindiga ba komai a ciki, sannan a fasa hular tagulla biyu ko uku a kan hancin wuta, baki yana kallon allon da ake harbi, don a ƙone man da ya rage a hanyar wuta. A kafa gindin bindiga a ƙasa, baki ya karkata nesa da fuska. A yage murɗaɗɗen bakin harsashi, a juye albarushin duka cikin bututu. Sai a juya harsashin, a sa gindin dalma mai kaki a baki, a tura har iyakar shafin, a karya kwanson da ya rage a yar. A zaro sandar ɗuri, a riƙe ta da yatsu biyu ta gefe, tafin hannu bai taɓa rufe kanta ba, a tura dalmar har ta zauna a kan albarushi, a ɗan danna sau biyu ba tare da duka ba. Duka yana lotsa kan dalma ya niƙe albarushi. Barin sarari tsakaninsu kuma ya fi muni, domin yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. A mayar da sandar wurinta, a ɗaga bindiga baki yana kallon allo, a ja guduma zuwa rabin zango, a cire tsohuwar hula a kifa sabuwa, sannan a ja ta cikakke, a auna, a matsa kunama a hankali. Idan hula ta fashe bindiga ba ta tashi ba, a ci gaba da nuna ta ga allo na aƙalla minti ɗaya, domin wuta takan yi jinkiri ta kama daga baya.

Akwai alama ɗaya da ya kamata kowa ya yi wa sandar ɗurinsa: zane biyu, ɗaya inda take tsayawa a bututu wayam, ɗaya inda take tsayawa idan akwai ɗuri guda. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 an tsince bindigogi fiye da 27,000 a fagen fama. Kimanin 24,000 a ɗure suke, kusan rabinsu da ɗuri biyu, wasu dubbai da uku zuwa goma, ɗaya ma da 23. Ruɗewa ce take sa mutum ya zaci ya harba alhali bai harba ba, kuma hayaniyar filin gasa ma tana iya yin haka. Zanen sandar shi yake faɗin gaskiya kafin a kifa hula. Masu sukar harsashin takarda sukan kawo wata hujja mai nauyi, cewa guntun takarda mai ci da wuta yana iya saura cikin bututu ya tayar da albarushin da za a zuba na gaba. Haɗarin gaskiya ne, kuma akwai ƙungiyoyin da suka hana sa takarda a bututu saboda shi. Inda aka hana, a bi doka. Amma tartsatsi yana iya saura cikin ƙanzo ko ba takarda, don haka maganin a tsarin ɗuri yake: a bar guduma a kife kan tsohuwar hula yayin ɗuri don iska ta kasa ratsawa, a ɗan dakata tsakanin harbi da harbi, a kawar da fuska da yatsu daga saitin baki. A nan ma harsashi ya fi gorar albarushi aminci nesa ba kusa ba. Idan wuta ta kama abin da aka zuba daga harsashi, giram huɗu ne suka tashi sama. Idan daga gora ake zubawa kai tsaye, gorar ce gaba ɗaya za ta fashe a hannu. Masu wasan kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi kuwa albarushi kaɗai suke zubawa, ba dalma, ba cusa takarda, ba zaro sanda, domin akwai mutane a gabansu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma harsashi yana ba da labarin kansa ga mai lura. A fara a mita 50, bindiga a kan jakar yashi, harbi biyar-biyar, a riƙa rubuta awo, kuma abu ɗaya kaɗai ake canzawa a kowane zagaye. A duba ƙasa 'yan taku kaɗan gaban baki: idan takardar ta zube gutsi-gutsi ɗauke da shatar tsagar bututu, dalma ta buɗe kuma rigar ta rabu da ita a kan lokaci. Idan ramin da ke allo dogo ne kamar na makulli, dalmar ta tafi tana tuntsura, alamar ta yi tauri ko toshinta bai yi aiki ba. Idan ɗuri na goma sha biyar ya sauka da sauƙin na biyu, kaki da rata sun daidaita. Idan ya fara turjewa, kakin ya gaza ko takardar ta yi kauri. Da an matsa zuwa mita 100 da 200 za a ga yadda wannan dalma mai nauyi take yin baka a sama, a gane dalilin da ya sa ma'aunin saitin Enfield ya kai yadi 900, da dalilin da ya sa makarantar harbi ta Hythe, wadda aka buɗe a 1853, ta ba ƙiyasin nisa muhimmanci kamar riƙon bindiga. Bayan an tashi, wanki a ranar ake yin sa. Ƙanzon albarushi yana jan danshi yana cin ƙarfe cikin dare ɗaya, don haka a wanke bututu da ruwan zafi har ya fito garau, a busar, a shafa mai.

Saura tambayoyi biyu da mai hankali zai yi. Ta farko, me ya sa za a sha wannan wahala alhali 'yan gasa da yawa, har a ƙungiyar North-South Skirmish Association ta Amurka da aka kafa a 1950, bututun roba suke zuba awonsu a ciki su toshe da dalma? Ga wanda maki kaɗai yake nema, roba ta wadatar. Amma wanda yake son ya fahimci abin da ya faru a Indiya ko Amurka, roba ba za ta gaya masa dalilin da ya sa aka rage faɗin dalma ba, ko dalilin da ya sa hukumar soja ta riƙa duba haƙoran gaba na mai neman shiga, ko yawan hannayen mata da yara da kowane harbi ya ci kafin ya isa fagen fama. Ta biyu, ya dace a yi bayanin ɗurin bindiga a zamanin da makami ya zama annoba? Bindigar da take harbi uku a minti sojan Ingila ma tun 1866 suka fara mayar da ita mai ɗurin gindi bisa tsarin Snider, kuma ɗan ta'adda ba shi da haƙurin naɗa takarda. Abin da wannan sana'a take koyarwa awo ne da natsuwa da bin doka. A ƙasar Hausa, inda 'yan bindigar sarki suke harba adaka a hawan salla, mafarauta kuma suke shiga daji da ita, darasin auna albarushi tun a gida maimakon ƙiyasin tafin hannu yana da amfani ƙwarai. Sai dai a kiyaye: alƙaluman da aka kawo nan na bututun da aka gwada ƙarfinsa ne a gidan gwaji irin na Birmingham, ba su shafi wanda aka haɗa da bututun famfo a maƙera ba. Kuma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ba hukuma ikon hana riƙe bindigar ɗuri ba tare da lasisi ba.

Don haka, mai karatu, idan sha'awar wannan fanni ta kama ka, fara da izinin hukuma, ka nemi ƙungiya mai filin harbi da malamin da zai tsaya a kanka. Ka naɗa harsasai hamsin ba albarushi, ka cika su da gero ko yashi, har hannunka ya saba, kowanne ya wuce zoben gwaji. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da ka ɗura na farko na gaskiya, ka kasance ka san nauyin dalmarka, da kaurin takardarka, da awon albarushinka, da inda zanen sandarka zai tsaya. Wanda bai san waɗannan huɗun ba, kada ya kifa hula.